ZIP, RAR ko 7z: wanne ya dace da kayanka?

Duk mai shagon buga takardu a Garwa ko Marwa ya san yadda data ke cin kuɗi. Ɗalibi ya zo da kundinsa, ɗan kasuwa ya zo da lissafin shekara, kowa so yake a matse masa fayil kafin a tura. ZIP, RAR da 7z nau'o'in matse fayil ne don rage girmansa. To, kafin ka zaɓi manhaja, fara duba abin da za ka matse.

Hoton JPEG, waƙar MP3 da bidiyon MP4 tun asali a matse suke. Bidiyon biki mai 900MB, ko da me ka bi ta kansa, kusan haka zai fito, kamar mai tsotsar raken da aka riga aka tsotse. Rubutu zalla, tsofaffin fayilolin DOC, hotunan BMP da rumbun bayanai su ne ke raguwa sosai.

ZIP shi ne dattijo, Phil Katz ya fito da shi a 1989. Bai kai sauran matsewa ba, amma da wuya ka sami kwamfuta ko wayar da ba ta buɗe shi. In ofis za ka aika wa takarda, ko wani a Njamena da ba ka san na'urarsa ba, tsaya a kansa.

Ni dai wajen ajiya 7z na fi so. Manhajarsa 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fara a 1999, kyauta ce. Tana haɗa fayiloli masu kama da juna ta matse su dunƙule guda, shi ya sa take yawan fin ZIP ragewa. Tana kulle kaya da kalmar sirri ta tsarin ɓoye bayanai na AES-256, har sunayen fayilolin tana iya ɓoyewa. Sai dai matsewa mai tsanani tana cin lokaci, tana wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma in dunƙulen ya lalace, asarar na iya shafar fayiloli da yawa.

Nan RAR na Eugene Roshal ya yi zarra: yana iya ƙara bayanan gyara, ta yadda in wani ɓangare ya lalace a filas ko wajen saukewa, a iya ceto shi. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma manhajarsa WinRAR ta kuɗi ce bayan gwajin kwana 40, kuma 7-Zip buɗe RAR kawai take yi, ba ta ƙirƙira shi.

In filas ɗinka na kan tsohon tsarin ajiya na FAT32, ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, Gmail kuma 25MB ne iyakar abin da za ka liƙa a saƙo guda. 7-Zip da WinRAR duk suna yanka babban fayil gida-gida, amma sai duk sassan sun hallara a wuri ɗaya kafin ya buɗu.