X-T3 ko D750? Tunda daga fim ka fito, ɗauki Fuji

Malam, ka ce daga kyamarar fim ka fito kana son komawa dijital, to tsakanin Fujifilm X-T3 da Nikon D750 ɗin da ka ambata, ni dai X-T3 zan ce ka saya, sai fa idan kana da tarin lens na Nikon a ajiye, wannan kuma zan zo kansa.

Dalilina hannunka ne. Wanda ya yi shekaru da kyamarar fim ya saba kafin ya kai ido ya riga ya san a ina saitinsa yake, ka leƙa saman kyamara ka ga shata tana kan 125, ka ga zoben lens yana kan 5.6, shi ke nan. X-T3 haka aka ƙera ta. Akwai abin murɗawa na gudun shata (saurin buɗewa da rufewar kyamara) a dama, na ISO (ƙarfin kama haske) a hagu, apaca (ƙofar da haske ke shiga) kuma a jikin lens take inda ka saba samunta, ko a kashe kyamarar take kana ganin komai. Ranar da na fara riƙe tawa wallahi ban buɗe littafinta ba, yatsuna ne kawai suka tafi inda suka sani. A D750 kuwa wili za ka riƙa murzawa, na ISO ma sai ka danne maɓalli da yatsa ɗaya ka murza da wani, kana kallon lambobi a ƙaramin sikirin, ba wai wuya ba ne, ana sabawa, amma sabon koyo ne, kai kuma ka riga kana da abubuwan da za ka koya da yawa a dijital ba sai an ƙara maka wannan ba.

Abin da ya sa na kasa rabuwa da ita shi ne hoton kakata da na ɗauka tana zaune gefen taga da yamma, haske ya yi ƙasa sosai, irin lokacin da in da fim mai ISO 100 ne a ciki da tuni na haƙura na rufe jaka. Na sa tsohon lens ɗina na 50mm da adafta, wato zoben da ke haɗa shi da kyamarar, na kai ISO 3200, na zaɓi Acros, wato baƙi da fari na Fuji da suka kwaikwayo daga fim ɗinsu mai wannan sunan. Ina leƙawa ina ganin hoton tun kafin in danna, da haskensa da duhunsa yadda zai fito, gefen idonta ya kama jan layi alamar fokas ya zauna. Da aka wanko shi babba kowace tamoji ta fuskarta ta fito, kuma ɗan tsakin nan da muke so a fim yana nan, bai yi santsin roba irin na hoton waya ba. Ban taɓa shi a kwamfuta ba ko kaɗan. Ita kanta da ta gani sai da ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta ce a ba ta nata. Fuji kamfanin fim ne tun asali, shi ya sa a cikin kyamarar za ka tarar da Provia da Velvia da Astia, sunayen da ka sani, kuma launin yana kusa da abin da idonka ya saba. Ba fim ba ne, kar wani ya ruɗe ka, amma ya fi kowa kusa.

Maganar fokas ɗin nan kar ka raina ta. Kyamarar fim ɗinka tana da da'irar nan a tsakiya da take raba hoto biyu har sai ka daidaita, D750 ba ta da ita, ɗan ɗigo ne a ƙasan maleƙi zai ce maka ka samu, kuma a f/1.4 ko f/1.8 sai ka sha mamakin yawan hotunan da za ka tarar fokas ya tafi kunne ko hanci. Kyamara mara madubi a ciki irin X-T3 tana zuƙo maka wurin ya yi girma ka gani da idonka. Kuma kusan duk wani tsohon lens yana hawa kanta da adafta mara gilashi, ko Canon FD ne ko Minolta ko Pentax ko Olympus, saboda jikinta siriri ne akwai wurin da adafta zai cike.

D750 kyamara ce mai kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Ta fito 2014, megafiksel 24, sensarta, abin da ke kama hoto a madadin fim, daidai take da girman nagetif na 35mm wato milimita 36 da 24, don haka lens ɗinka na 50 kallon 50 zai ba ka. Batirinta a ƙididdigar kamfani yana kai hoto 1,230, na X-T3 kuwa 390, a nan ta yi mata fintinkau. Amma nauyi, ta haura giram 800 kafin ka ɗaura lens, X-T3 wajen 540, kuma kyamarar da ta yi maka nauyi a gida za ka riƙa barinta.

Inda D750 za ta ci X-T3 shi ne in lens ɗinka na Nikon ne kuma suna da yawa. Bakin F na Nikon, wato inda ake ɗaura lens, tun 1959 yake, tsofaffin lens ɗinsu da ake kira AI da AI-S suna hawa D750 kai tsaye kuma tana auna haske da su in ka shigar mata da bayanansu. Waɗanda aka yi kafin 1977 da ba a gyara su ba kar ka tilasta su, suna iya lanƙwasa ɗan kunnen da ke bakin kyamarar. In ba Nikon ba ne a jakarka to wannan hujjar ta faɗi.

Abu ɗaya da zai ba ka haushi a X-T3, sensarta ƙarama ce, APS-C, sai ka ninka kowane lens sau ɗaya da rabi. 50 zai koma kamar 75, ya yi daidai da hoton fuska amma a cikin ɗaki zai matse ka, 28 ɗinka da kake ji da faɗinsa zai koma wajen 42. Maganinsa ka haɗa da 35mm f/2 na Fuji, shi zai ba ka kallon 50 da ka saba, ko 23mm in kai ɗan 35 ne. Ba ta da abin hana rawar hannu a jikinta, sai X-T4 ta 2020 aka saka, amma kai da ka saba riƙe numfashi a 1/30 wannan ba zai dame ka ba. Megafiksel 26 ɗinta ya isa wankin A3 har da saura, kar mai shago ya ja ka da zancen lamba.

Sannan ka sauya ɗabi'ar auna haske. Nagetif yana yafe maka in haske ya yi yawa, dijital halin silaid gare ta, in fari ya ƙone ya tafi, duhu ne ake iya cetowa. Ka riƙa ragewa kaɗan, ka sa ta ajiye RAW (ɗanyen hoto) da JPEG (gamammen hoto) tare ko da ba ka fara gyara a kwamfuta ba tukuna, RAW ɗin shi ne nagetif ɗinka. Tsohon filashinka ma kar ka ɗora shi sai ka bincika, wasu na zamanin fim suna sako wuta mai ƙarfi ta ƙafarsu da za ta iya ƙona kyamarar zamani.

Baka tambaya ba amma tunda duka biyun ta hannu za ka fi samu, ka yi hattara da masu sayarwa. Kowa cewa zai yi "kamar sabuwa ce, ba a yi aiki da ita ba", alhali wata bukukuwa ta yi ta ci har robar jikinta ta saki aka manna da gam. In D750 ce ka ɗauki hoto da ita ka duba adadin shata, lambar tana cikin bayanan hoton, an ƙiyasta mata 150,000 ne. Kowacce ce ka rufe apaca zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ka zuƙo, ƙura tana gogewa amma ƙarzuwa a sensa ba ta gogewa. Ka haska tocila ta cikin lens ka nemi fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo. Ka gwada ramukan memori biyun, kowacce biyu gare ta, ka murza duk wani abin murɗawa ka ji ko yana tsallake. Wanda ya hana ka gwadawa ko ya ce ka turo kuɗi tukuna, juya ka tafi. Batir da memori su aka fi yi wa jabu, kati zai ce 128GB ne amma yana wuce wani wuri hotuna su fara lalacewa, waɗannan ka saye su sababbi a wurin da za ka iya mayarwa.

Ɗauki X-T3 da 35mm f/2, adafta ɗaya na tsofaffin lens ɗinka, da batir biyu na ƙari.