Injin wanke kwanukana da kod ɗin i90, abin da na gani a hannun masu gyara biyu

Tun 2022 nake amfani da injin wanke kwanukan nan, tokumbo ne daga Turai maigida ya siyo mana shi, kuma gaskiya kafin abin nan ya faru ban da wani ƙorafi babba a kansa. Mu tara ne a gida banda baƙi, duk wadda ta san wanke-wanken gidan yawa ta san me nake nufi, musamman da azumi in an sha ruwa kicin ya cika da faranti da kofuna. Ruwan da yake sha a wanki ɗaya bai fi lita goma da ɗoriya ba in na sa shi a tsarin tattali, sai dai yana cin sama da awa 3, wanda a yanayin wutarmu sai kin yi lissafi kafin ki kunna. Maiƙon miya yana fitar da shi tas, gilashi har ƙyalli yake. Amma ƙanzon tuwo kam sai kin jiƙa kin kankare da kanki, tukunyar dalma kuma kar ma ki fara sa ta don baƙi take yi, muciya da ludayin katako ma haka tsagewa suke.

Kod-kod ɗinsa, wato lambobin da yake nunawa a sikirin in ya samu matsala, na saba da su. In ya nuna i10 ruwa ne bai shiga ba, yawanci tanki ne ya yi ƙasa ko tiyo ya lanƙwashe. In i20 ne toh ruwa bai fita ba, sai in ciro matatar ƙasa in tarar da shinkafa da ɗan ƙashin kifi sun toshe ta, in wanke in mayar shikenan. Sau ɗaya ya taɓa nuna i30 lokacin da ruwa ya taru a ƙasansa. Duk waɗannan ni da kaina nake magance su.

Toh da daminar da ta wuce wata rana da yamma yana tsakiyar wanki aka ɗauke wuta, ba a fi minti biyu ba aka dawo da ita da ƙarfi har ƙwan kicin ya yi wani irin haske, sai na ji ɗan tas daga ƙasan injin da warin ƙonewar roba. Daga nan ɗif, ko fitila ɗaya bai ƙara kawowa ba.

Mai gyaran farko wanda yake mana firji da injin wanki ne, mutumin kirki wallahi kuma a aikin firji ban taɓa samun shi da matsala ba. Ya kwance ya ciro bod ɗin, wato allon lantarkin da yake ba injin umarni, ya nuna min wurin da ya ƙone baƙi ƙirin kamar an ɗiga masa garwashi. Ya ce Hajiya wannan sai canji, zai sa a nemo a Legas wajen masu farfasa tsofaffin injuna. Bayan kwana goma ya dawo da wani, na ɗora su gefe da gefe a kan tebur, girma ɗaya, kala ɗaya, ramukan waya ɗaya, komai ya shiga daidai. Da ya jona wuta sikirin ya kawo har yara suka yi ihun murna, sai kawai injin ya yi ƙara ya rubuta i90 ya tsaya, ko ɗigon ruwa bai ja ba.

Nan fa aka fara lalube. A zare daga soket a jira a mayar, i90. A danne maɓallin sokewa, i90. Ya cire wayoyi ya hure su ya mayar, duk a banza. Sai ya ce ƙila famfon ciki ne shi ma ya ƙone, washegari kuma ya ce a'a sansar ruwa ce, wato ɗan abin da ke gane yanayin ruwan da ke cikin injin, a kawo kuɗi a canza. A nan raina ya ɓaci, don na gane shi ma bai san ma'anar kod ɗin ba, kuma da ya ce min Hajiya wannan ya fi ƙarfina da na fi ganin girmansa. Kuɗin bod sun riga sun tafi, ga shi ana so in ƙara zuba wasu a kan zato. Na ce Malam a dakata haka.

Sati uku muna wanki da hannu kafin wata ƙawata ta haɗa ni da wani injiniya da yake aikin injunan kicin na otal-otal. Tun a waya na ji bambanci, bai tambaye ni me ya ƙone ba, cewa ya yi in buɗe ƙofar injin in duba gefenta akwai sitika, in ɗauki hotonta in turo masa, sannan in ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin sabon bod ɗin. A sitikar akwai wata lamba mai alƙaluma tara da ta fara da 911, shekara nawa ina buɗe ƙofar nan ban taɓa lura da ita ba.

Bayanin da ya min shi ne abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ya ce kamfani bod iri ɗaya yake ƙerawa ya sa a injuna kala-kala, wani mai tsarin wanki biyar wani takwas, wani mai sikirin wani fitilu kawai, famfo da sansa da hita ma sun bambanta. Abin da ke raba su shi ne bayanin da ake rubutawa a ƙwaƙwalwar bod ɗin, wanda zai gaya masa ga irin injin da kake ciki ga kayan da kake da su. Duk sanda aka kunna sai ya fara duba bayanin nan, in ya ga babu, ko ya gurɓata, ko bai dace ba, sai ya ƙi tashi ya nuna i90. Wato famfona lafiya lau, sansa lafiya lau, bod ɗin ne aka ciro daga wani samfurin daban kuma ba a saita shi da nawa ba. Ya ce ko sabo dal aka siyo akwai wanda yake zuwa fanko ba a rubuta masa komai, dole sai an saita, shi ya sa ake ba mai sayarwa lambar nan tun kafin a biya.

Ranar da ya zo laftof ya kawo da wani ɗan akwati mai kebul. Sai da ya fara gwada lambar jikin tsohon bod da na sabon, ya ce mun yi sa'a ƙirarsu ɗaya, da ƙirar ta bambanta ba saitin da zai yi aiki sai dai a sake siyo wani. Ya jona kebul ɗin a wani ƙaramin rami a gefen bod, ya shigar da lambar mai 911, muna tsaye muna kallon layi yana cika a laftof, bai kai minti goma ba. Ya zare wuta ya mayar, kod ya ɓace. Abin da ya burge ni bai tattara kayansa nan take ba, ya sa injin a gwaji ya tsuguna ya kara kunne yana jin shigar ruwa, ya jira ya taɓa ƙofa ya tabbatar ta ɗau zafi, sai da ya ga ruwa ya fita ta tiyon baya sannan ya ɗaura sukurori.

Inda zan rage masa maki biyu ne. Ya sa min ranar Talata bai zo ba sai Alhamis kuma ni ce na yi ta kira, sannan kuɗin aikinsa ya yi tsada, ya kusa rabin kuɗin bod ɗin a aikin da bai kai awa biyu ba. Na biya dai ban ja ba don na ga abin da na biya, kuma bai sa na siyi ko ƙusa ɗaya da ba a buƙata ba.

Kafin ya tafi ya duba soket ya ce in nemi gad mai yanke wuta in ta yi yawa, mai ɗan jinkiri kafin ya sake ta, kuma kar in sa ƙaramin nan na firji don hitar injin kaɗai tana jan kusan wat 2000. Ya kuma sake saita min ma'aunin gishirin da injin ke amfani da shi wajen rage kaurin ruwa, saboda ruwan bohol ɗinmu, da ma sabon saitin ya mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, ya ce in ci gaba da sa gishirin injin banda na girki.

Yau wata biyu kenan, kullum sai ya yi wanki ɗaya wani lokacin biyu, i90 bai sake dawowa ba. Gad ɗin na sa, ya yanke wuta a gabana har sau uku. Tsohon bod ɗin yana nan na ajiye a leda saboda lambar jikinsa, hoton sitikar kuma na tura wa maigida shi ma ya ajiye a wayarsa.