Ɗakin matsar tuffa na Ingila da na ƙasar Bask: ina bambancin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsofaffin gine-ginen matsar tuffa na ƙauyukan Turai duk fasali ɗaya ne. A'a. Bari in jera maka biyu: na yammacin Ingila da na yankin Bask a arewacin Sifaniya. Abin da ake yi a cikinsu ruwan tuffa ne da ake bari ya tsimu ya zama giya, amma mu a nan ginin ne ya dame mu.

A Herefordshire da Somerset da Devon, ɗakin matsa ƙaramin gini ne a gefen gidan gona. Musamman a Herefordshire, tsakiyarsa kwarami ne na dutse, zagayayye, da wani ƙaton dutsen niƙa tsaye a ciki. A da doki ke jan sa yana kewayawa, kamar yadda doki ke juya injin rake a wajen masu mazarƙwaila. Girman ɗakin ma daidai kewayen dokin ake auna shi. In tuffa ta dagargaje sai a shimfiɗa ta hawa-hawa a matse, a Herefordshire cikin ƙyallen gashin doki, a Somerset da Devon tsakanin bambaro. A da kusan kowace babbar gona tana da nata, domin da wannan abin sha ake biyan wani ɓangare na ladan 'yan ƙwadago, har dokar 1887 ta hana.

Na Bask kuwa, gidan kansa shi ne matsar. Dubi gidan gona na Igartubeiti da ke lardin Gipuzkoa, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 16. Wani gungumen katako mai tsawon kusan mita 10 ya ratsa benen sama, kuma ginshiƙan da ke riƙe da shi su ne dai ke ɗauke da rufin gidan. A sama ake daka tuffa da taɓaren katako. Gungumen ya danne ta da nauyin wani dutse da ke rataye a ƙasa, ruwan ya gangaro cikin ganguna. A ƙasan nan ne murhu yake, da wurin kwana, da turken shanu. Ka ga iyali na zaune shekara cur a cikin injin da ba ya aiki sai 'yan kwanaki da kaka. Wannan abin yana taɓa min zuciya ƙwarai. Daga irin waɗannan gidaje matuƙan jirgin ruwa masu farautar kifin wel suka riƙa ɗibar guzurin sha zuwa gaɓar Kanada. Da masara ta shigo a ƙarni na 17, sai aka faɗaɗa Igartubeiti don a sami wurin shanya ta.

Wajen adanawa, na Ingila ya fi saurin salwanta. Da doki ya bar aiki, an mayar da ɗakuna da yawa wurin ajiya ko gidan zama, duwatsun kuma sun koma ado a lambu. Na Bask cire ginshiƙansa rushe gida ne, shi ya sa ko inda aka sare gungumen ana ganin gurbinsa a jikin katako.

In da hali, ni Igartubeiti zan ce ka fara gani. Hukumar lardin ta gyara shi ya zama gidan tarihi, kuma a watan Oktoba sukan tayar da matsar a gaban baƙi.