Ɗamarar ƙirjin da na saya wa ɗan ragona: abin da na gani bayan wata biyu

Ɗan Balami ne, fari tas mai dogayen kunnuwa, na sayo shi yana da wata huɗu. Yara sun shaƙu da shi, kullum da la'asar sai sun fita da shi kiwo bayan unguwa. A wuya muke ɗaura masa igiya. Da an ja sai ya kafe ƙafafu, igiyar ta shaƙe masa maƙogwaro, ya yi ta tari. Abin yana taɓa mini zuciya, domin dabba amana ce a hannun mai ita.

A shagon masu sayar da kayan karnuka na samo ɗamarar. Ta nailan ce, maɗauri ɗaya ya zagaye ƙirji, ɗaya ya bi ta bayan ƙafafun gaba, ga zoben ƙarfe a gadon baya inda ake maƙala igiya. Ranar farko da na sa masa, ya yi tsalle ya yi tsalle, daga baya ya kwanta ya ƙi tashi. Sai na bar gaggawa. Kwana uku a tsakar gida nake sa masa, lokacin da yake cin dusa da harawa, ba igiya, in ya ƙoshi in cire. Rana ta huɗu na maƙala igiyar, na tsaya gabansa da ƙwarya a hannu. In ya tako ko sau ɗaya ne, sai in sassauta nan take in ba shi ɗan ci. Minti 10 kacal a rana. Kafin mako biyu ƙaramar 'yata ke riƙe da shi, tarin kuma ya tafi.

Amma kada a ɗaure shi a turke da ita. Na yi wannan kuskuren wuni guda, da yamma na tarar ta goge masa gashin hammata har fatar ta yi ja. Tun daga nan nake tabbatar da yatsuna biyu suna shiga tsakaninta da jikinsa, kuma da mun dawo nake cirewa. Maƙullin robanta ma bai yi mini ba, ya tsage ranar da ragon ya firgita da ƙarar babur.

Balami kuwa akwai saurin girma, yanzu har ta fara matse shi. Jibi zan kai wa baduku ita ya ɗinka mini irinta da fata, ya sa maɗaurin ƙarfe.