Hattara da masu sayar da tsohuwar kyamara da sunan sabuwa

Jama'a assalamu alaikum, musamman 'yan uwana masu ɗaukar hoto da bidiyo na biki da suna da kuma ƙannenmu da suke shirin shiga sana'ar. Akwai wasu 'yan damfara da suka addabi mutane a Facebook da WhatsApp kwanan nan, suna tallar kyamarori wai "Landan yus", tsaf kamar ba a taɓa amfani da su ba, farashi ƙasa da na kasuwa. Duk jarinsu abu ɗaya ne, sun san yawancin masu saye ba su san bambancin tsohon samfuri da sabo ba, lamba kawai suke kallo a jikin kyamara, in sun ga babbar lamba shikenan sun ɗauka ita ce ta fi.

To lambar nan ba haka take tafiya ba. Misali Canon 4000D ta fito ne a 2018, ita kuma 600D tun 2011, amma wallahi in aikin biki za ka yi 600D ta fi ta amfani nesa ba kusa ba. Dukkansu megafiksel 18 ne, amma 600D sikirin ɗinta yana juyawa kuma tana da wajen sa makirfo, 4000D babu ko ɗaya, hatta bakin da ake ɗaura lens na roba ne. A wajen Canon in lambobin da ke jere a sunan sun kai guda huɗu, irin su 1300D da 2000D da 4000D, to ƙananan kyamarori ne na masu koyo. Su kuwa mutanen nan sai su ce maka "ai wannan dubu huɗu ce, waccan ɗari shida", kai kuma ka zaro kuɗi kana murna.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni, saboda ko ƙarya ba sai sun yi da baki ba. Irin waɗannan kyamarorin na Canon da suka fito daga Amurka sunansu daban ne, Rebel ake rubutawa. Rebel T6i ita ce 750D, amma Rebel T6 ba harafin i a ƙarshe ita ce 1300D. Haka T7i ita ce 800D, T7 kuma 2000D. Harafi ɗaya tal ne tsakani amma kuɗinsu da aikinsu ba su haɗa hanya ba. Sai mutum ya rubuta T7i a talla, ya turo maka T7, in ka yi magana ya ce kuskuren rubutu ne, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Sai kuma masu canza tambari gaba ɗaya. Wani yaro a unguwarmu, ƙanin abokina, ya daɗe yana tara kuɗi yana bin wani mai hoto yana riƙe masa fitila a wajen biki, ya je ya sayo 750D a hannun ɗaya daga cikinsu. Ya kawo min ita shago yana ta washe baki, ya ce Yaya duba min, tacin sikirin ɗin ne kawai mai kayan ya ce ya ɗan samu matsala shi ya sa ya rage min. Ina jin haka gabana ya faɗi. Na buɗe gidan batir sai ga LP-E8, alhali 750D LP-E17 take ci, ɗan ƙarami ne ba zai ma zauna a ramin wancan ba. Na ɗauki hoto ɗaya na sa katin a laptop, girman hoton 5184 da 3456, bayanin hoton kuma ya rubuta ɓaro-ɓaro Canon EOS 600D. Ita 750D da ta fito a 2015 megafiksel 24 ce, hotonta 6000 da 4000, kuma tana da Wi-Fi a cikin menu. Tacin da aka ce ya lalace dama can babu shi, 600D ba ta zo da shi ba. Da na karkata ta a haske sai ga shatin gam a gefen tambarin. Yaron nan zama ya yi a benci ya kasa magana, ya kira lambar mutumin a kashe, WhatsApp kuma an yi bulokin ɗinsa.

Kada wani ya ce ai wannan abu ne na nan gida kawai. Kamfanin Nikon da kansa ya taɓa fitar da sanarwa a 2014 cewa ana canza wa D800 murfi a sayar da ita a matsayin D800E, a 2015 ya ƙara da cewa an ga D7100 da aka mayar D610 da kuma D4 da aka mayar D4S. Ka duba fa, D7100 ƙaramin sensa gare ta, wato abin da ke kama hoto a cikin kyamara, D610 kuma babban sensa, amma a ido mutum sai ya rantse. Shawarar da suka bayar ita ce ka ɗauki hoto ka duba sunan da kyamarar ta rubuta da kanta a bayanin hoton, don shi gam ba ya kai wa can.

Ni fa ban ce tsohuwar kyamara ba ta da kyau ba, kar a fahimce ni a baibai. Har gobe akwai masu ci da iyali da 600D da 700D da Nikon D3200, kuma Canon 5D Mark III da ta fito tun 2012 in ka haɗa ta da lens mai kyau hoton amarya da za ta ba ka sai ka yi mamaki. Wani lokacin ma tsohuwar ta fi, Nikon D3300 ta 2014 tana da wajen makirfo amma D3400 da D3500 da suka biyo bayanta an cire. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ka biya kuɗin sabuwa a ba ka tsohuwa. Masu neman 5D ma ku kula, Mark II ta 2008 katin CF kaɗai take ɗauka, Mark III kuma rami biyu gare ta, CF da SD, buɗe ƙofar kati kawai ya isa ya tona asirin mutum. Haka Sony a6000 ta 2014 ba ta ɗaukar bidiyon 4K mai tsananin fitowa tar, sai daga a6300, duk wanda ya ce maka tana yi ka ce ya nuna maka a menu.

Sannan maganar shota, wato adadin hotunan da kyamara ta ɗauka tun fitowarta. Kamar 5D Mark III kamfani ya ƙiyasta mata 150,000, wata takan wuce wata ba ta kai ba, to wadda ta sha bukukuwa shekara da shekaru a waje aka goge ta aka sa mata sabuwar roba, kyan jikinta ba zai gaya maka komai ba. Na Nikon da sauƙi, adadin yana cikin hoton, akwai shafuka a intanet da za ka ɗora hoto su karanta maka. Canon yawanci sai an jona ta da kwamfuta ta kebul. In daga nesa ne ka ce ya turo hoton a matsayin fayil, don in ya turo shi haka kawai WhatsApp yana goge bayanan.

Na ƙarshensu su ne waɗanda ma babu kyamarar sam. Hotunan wasu suke kwasowa, su ce suna Legas ko kayan gwanjon kwastan ne, mutum uku na layi, ka tura kafin alƙalami ko kuɗin mota za a ba direba a tasha. Cinikin biri a sama kenan. Ka ce ya kira ka ta bidiyo ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye kusa da kyamarar ya kunna ta, nan take za ka ji netwok ya lalace. Sunan akawun ɗin da zai turo ma sau da yawa ba zai yi daidai da sunan shafinsa ba, ya ce na matarsa ne ko na yaron shago.

Don Allah duk mai son saye ya tafi da wanda ya san kan abin, da katinsa da laptop, a haɗu a shago da rana. Ku haska tocilan cikin lens ko akwai fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo, ku ɗauki farin bango ku ga ko sensa tana da tabo, lambar siriyal ta ƙasan kyamara ta dace da ta rasit. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa kada ya tsaya jin kunya, ya adana hirarrakin da shaidar tiransifa, ya je bankinsa a ranar ya kai ƙorafi, sannan ya sanar da 'yan sanda ko EFCC. Shafin da ya cuci yaron nan ya canza suna yanzu, amma hotunan tallar nan dai su ne, kyamara a kan jan kafet da kwalinta a gefe.