PHPMailer da Cron na cPanel: rahoton ciniki ya iso kafin a buɗe kanti

'Yan kasuwar Maradi da suka sa lissafin kayansu a rumbun bayanai na MySQL a intanet suna da buƙata guda: Alhaji ya ga cinikin jiya da abin da ya rage a sito tun da safe, ba sai ya jira yaron kanti ya kunna kwamfuta ba. Haɗin PHPMailer (kayan aikin aika imel a yaren shirye-shirye na PHP) da Cron Jobs (mai tada aiki da kansa a lokacin da aka tsayar) na cPanel (allon sarrafa shafin intanet) yana biyan wannan buƙata, kuma PHPMailer kyauta ne. Babban alherinsa shi ne aikin yana gudana a kan uwar garken (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) da aka yi haya. Ko an ɗauke wuta a unguwa, saƙo zai fita.

Ana rubuta fayil ɗaya na PHP da zai yi wa rumbun tambaya, ya zuba amsar a fayil ɗin CSV (jadawalin da Excel ke buɗewa), ya liƙa shi a imel. Kada a ajiye fayil ɗin PHP a cikin public_html, jakar da kowa ke iya kaiwa ta intanet, don kada wani ya buɗe adireshinsa ya riƙa harba rahoton. Sannan a shiga Cron Jobs a cike gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. 0 7 * * * na nufin bakwai na safe kullum. 0 7 * * 5 ranar Juma'a kaɗai. A rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin tun daga /home, domin gajeriyar hanya ita ce ta fi kashe aikin.

Agogo yana ruɗa mutane. Nijar tana gaban UTC (agogon GMT) da awa ɗaya, saboda haka idan uwar garken tana bin UTC, sai a sa 6 kafin saƙo ya zo bakwai. Idan kuwa agogon Faransa take bi, aka kuma sa 7, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba rahoton zai riƙa isowa shida na safe, don su suna canza lokaci, mu ba ma canzawa.

Inda PHPMailer ya cancanci yabo sosai shi ne aikawa ta SMTP, wato ta cikin akwatin imel na gaske. Umarnin mail() na PHP kan jefa saƙo cikin kwandon shara, ko ya ɓace gaba ɗaya, saboda mai karɓa ba shi da shaidar wanda ya aiko. Da SMTP ana shiga da suna da kalmar sirri, ta ƙofa 587 da STARTTLS ko 465 da SSL (hanyoyin ɓoye saƙo ne duka biyun). Ƙofa 25 masu ba da haya da yawa sun toshe ta. Mai amfani da Gmail ya sani tun 2022 kalmar sirrinsa ta kullum ba ta aiki a nan. Sai ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya ciro kalmar sirrin manhaja mai haruffa 16. Gmail yana tsayawa a saƙo 500 a rana da MB 25 na abin liƙawa, kuma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya. Mai aikawa da sunan shafinsa ya saita SPF da DKIM, shaidun da ke nuna saƙon daga gare shi yake.

Wani abu da ya shafe mu musamman: haruffa. PHPMailer yana zuwa da tsarin haruffa na iso-8859-1, wanda bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Idan ba a mayar da CharSet zuwa UTF-8 ba, a kuma sa utf8mb4 wajen haɗuwa da rumbun, sunan Ɗan Issa zai fito da tarkace. Haka Excel na Faransanci, wanda ya cika ofisoshinmu, yana jiran alamar (;) tsakanin guraben CSV, tunda waƙafi alamar ɗigon lissafi ne a wurinsa. In an bar waƙafi, duk layin zai cunkushe a gurbi ɗaya. A ƙara BOM, alamar da ke nuna UTF-8 ne, a farkon fayil ɗin don Excel ya gane haruffan.

Babban aibin wannan haɗi shi ne mutuwar shiru. Kalmar sirri ta canza, ko an sabunta PHP, rahoto ya daina zuwa, babu wanda ya ce uffan sai ranar da Alhaji ya tambaya. A sa adireshin imel a gurbin da cPanel ya tanada don kurakuran Cron, kuma lokacin gwaji a ɗaga SMTPDebug na PHPMailer zuwa 2 a karanta abin da uwar garken ke amsawa. Wanda bai iya PHP ba zai buƙaci mai saita masa karo na farko.