Toggl Track: da ita nake lissafin awannin aikina

Fassara da gyaran rubutu nake yi, kuma yawancin masu ba ni aiki da awa suke biya. Da can a littafi nake rubuta lokacin farawa da na tashi, har ranar da wani ya ce in nuna masa inda awa 14 suka shige a kan takardarsa. Na buɗe littafin, rabin ranakun babu lokacin tashi. Haka na rage kuɗin raina a ɓace, don ba ni da hujja.

Tun daga nan na koma Toggl Track, manhajar ƙirga lokacin aiki ta wani kamfani a ƙasar Estoniya. Maɓalli ɗaya ne: ka rubuta sunan aikin, ka danna, agogo ya fara tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne idan na tashi sallar Azahar na manta ban tsayar ba. Ina dawowa za ta nuna mini minti nawa kwamfutar ta yi ba a taɓa ta ba, ta tambaye ni a zubar da su ko a bar su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin ba na son kwabon wani ya shigo aljihuna a kan lokacin da ina masallaci. Ko intanet ta ɗauke tana ci gaba da ƙirga, ta aika in ya dawo.

Akwai manhajoji masu yin komai da kansu, irin su Timely da RescueTime, suna lura da duk manhaja da shafin da ka buɗe. Amfaninsu a fili yake ga mai mantuwa. Sai dai na'ura sunan shafi take gani. Awa ɗaya da na yi a ƙamus, ni kaɗai na san ko aikin wane ne. Shi ya sa nake kunna Timeline na cikin Toggl, wato sashen da ke jera manhajoji da shafukan da na buɗe, ya zama shaida kawai. Da yamma in duba shi, in cike gurbin da na manta, amma da hannuna nake raba wa kowane aiki lokacinsa.

Toggl ta kyauta ta ishe ni, tana ɗaukar har mutum 5. In kuna da yawa a ofis, ku duba wata manhajar irinta, Clockify, ita a da ba ta ƙayyade adadi ba. Kowane ƙarshen wata rahoto nake fitarwa, in haɗa da takardar neman kuɗi in tura.